Wa ke kayar da sanata, talaka ko gwamna?

Duk lokacin da aka ce sanata mai ci ya sha ƙasa a zaɓen fidda gwani, sai shafukan sada zumunta su cika da murna, ana cewa talaka ya farka. Ni na kasa taya ku wannan murnar, saboda abin da na gani da idona.

A 2022 maƙwabcina yana cikin daliget na mazaɓarmu, wato wakilan jam'iyya masu zaɓen ɗan takara. Ana gobe zaɓe aka turo bas ta kwashe su zuwa wani otal a babban birnin jiha, aka karɓe wayoyinsu a bakin ƙofa. Bayan isha'i wani na hannun daman gwamna ya shigo ya faɗa musu sunan da za su rubuta. Da ya dawo na tambaye shi laifin sanatan da suka kayar. Ya yi shiru, can ya ce: "Wallahi ba shi da laifi a wurina, daga sama aka ce." Wanda ya zaɓa ɗin ma bai taɓa ganinsa ba sai a fasta.

Abin da ya ƙara dagula lamarin a shekarar shi ne Dokar Zaɓe ta 2022 da 'yan majalisar suka rubuta da hannunsu. Sashe na 84(8) ya ce daliget ɗin da aka zaɓa domin wannan aikin kaɗai ne za su kaɗa ƙuri'a, wanda ya fitar da masu riƙe da muƙamai da tsofaffin jiga-jigan jam'iyya, har da su sanatocin. Da suka farga suka yi gyaran gaggawa a watan Mayu, Shugaba Buhari bai sa hannu ba har aka gama zaɓukan. Su kuwa waɗannan daliget, uku a kowace mazaɓa a PDP, biyar a APC, kowa ya san a gidan gwamnati ake tace sunayensu a yawancin jihohi.

Ku dubi Kebbi. Sanata Adamu Aliero da Sanata Yahaya Abdullahi, wanda a lokacin shi ne shugaban masu rinjaye a Majalisar Dattawa, sun ga ba su da wuri a APC bayan saɓaninsu da Gwamna Atiku Bagudu, suka sauya sheƙa zuwa PDP. Da aka zo babban zaɓen 2023, inda talaka ke da ta cewa, dukansu suka ci, Aliero ma Bagudun kansa ya kayar a Kebbi ta Tsakiya. To wa daliget suke wakilta? A Neja ta Arewa kuwa Sanata Sabi Abdullahi ya rasa tikitin APC, Gwamna Abubakar Sani Bello ya ɗauki kujerar.

Ba wanke sanatoci nake yi ba. Akwai wanda ya shekara takwas a Abuja, abin da mazaɓarsa ta gani bai wuce injin markaɗe da buhun shinkafar azumi ba. Irin wannan ya faɗi ko a jikina. Damuwata darasin da sauran ke ɗauka. Sanatan da ya ga abokinsa ya faɗi don ya yi wa gwamna gardama, gobe idan an kashe mutane a ƙauyensu zai auna bakinsa kafin ya miƙe a zauren majalisa. Zai fi damuwa da zuwa gaisuwar Sallah gidan gwamnati fiye da zama da manoman da aka raba da gonakinsu.

Kuma ku tuna, a ƙarshen 2021 majalisa ta so ta wajabta 'yar tinƙe, kowane ɗan jam'iyya ya fito ya zaɓa da kansa. Gwamnoni suka taso haiƙan, Buhari ya mayar da ƙudurin a watan Disamba, aka cire wajabcin kafin ya sa hannu a Fabrairun 2022. Wata uku bayan nan aka kwashe maƙwabcina zuwa otal.