Ku bar ta ta tsinci tsingaronta

Tun jiya nake karanta abin da ake ta rubutawa a kan yarinyar nan da ta samu gurbin digirin digirgir a tarihin ƙasashen Bahar Rum, kuma abin takaicin shi ne da yawa daga cikin masu yi mata ba'a mutane ne da suka yi karatu. Wani har cewa ya yi za ta tafi Turai tsintar tsingaro. Madalla da wannan basira, Allah Ya ƙara ilimi! Tsingaron kuwa za ta tsinta, domin shaida ne.

A birnin Rum akwai tudun Monte Testaccio, tsayinsa kusan mita 35, kuma kusan gaba ɗayansa fasassun tuluna ne, kimanin miliyan 53, mafi yawansu na man zaitun da aka yi jigila daga kudancin Sifaniya. A jikin tulunan an rubuta nauyin man da sunan ɗan kasuwar da ya kawo shi, don haka mai nazarinsu yana iya gano yadda babban birni ya ciyar da kansa shekara da shekaru, abin da marubutan fada ba su damu da shi ba, saboda yaƙe-yaƙen sarakuna ne suka ɗauke musu hankali. Tarihin mai dako da manomi da matuƙin jirgi yana cikin wannan tsingaron da kuke rainawa.

Shi kuwa karatun, wanda kuke ɗauka hutu ne, sai mutum ya ƙware a Latin da Girkanci, in ya gangaro zamanin tsakiya ya ƙara da Larabci, sannan ya sha rana a filin haƙa yana auna bakin tulu da gindinsa don ya san ƙarnin da aka gina shi. Takardun da aka kwaso daga ɗakin ajiyar majami'ar Yahudawa ta Fusɗaɗ a Masar, waɗanda masani Solomon Schechter ya kai kaso mafi girma daga cikinsu jami'ar Cambridge ta Ingila a 1897, cike suke da wasiƙun fatake na ƙarni na 11 a kan farashin kaya tsakanin Masar da Tunisiya da Sisili, an rubuta su da Larabci amma cikin haruffan Ibrananci. Mai ganin abin wasa ne ya zo ya karanta mana layi guda.

Za ku ce babu aikin yi a wannan fanni. Gaskiya guraben ba su da yawa, ko a Turai ma, amma ban ga an daina karanta injiniyanci ba don wasu injiniyoyi suna zaune a gida.

Ina ma ta karkata bincikenta zuwa Arewacin Afirka, musamman Leptis Magna ta Libiya, garin da aka haifi Septimius Severus, wanda ya hau sarautar Rum a shekara ta 193. Ina shakkar ko masu dariyar nan sun taɓa jin cewa ɗan Afirka ya mulki wannan daular.