Wai Saya Muka Yi Ko Aro Aka Ba Mu?

Jiya da daddare na zauna zan sake saukar da wani tsohon gem a kwamfuta, gem ne da na saya da kuɗina shekaru kusan bakwai da suka wuce, ba kyauta aka ba ni ba, ba kuma kirak na yi ba, wato sauke kwafin sata da aka fasa wa kulle, rasidin ma har yanzu yana cikin imel ɗina. Sunansa na nan a akawun ɗina, hotonsa na nan, na danna ya sauka lafiya lau bayan ya gama zuƙe min data son ransa, ina buɗewa sai ga wani ɗan rubutu a tsakiyar allo wai an kasa haɗuwa da saba, wato kwamfutar kamfanin da gem ɗin ke haɗuwa da ita ta intanet. Na ɗauka netwok ne. Na kashe na kunna, na canza layi, na sake kashewa na kunna, shiru kake ji. Sai da na bincika sannan na gano ashe tuni kamfanin ya kashe sabar, kuma gem ɗin ko kai kaɗai za ka buga abinka sai ya fara gaisawa da sabarsu kafin ya bar ka ka shiga. Shikenan. Ba wanda ya dawo min da ko sisi, ba wanda ya ce min yi haƙuri. Ba zan kama sunan kamfanin ba don ba shi kaɗai ke yi ba.

Abin da ya ƙara ƙona min rai shi ne a durowar teburin da nake zaune akwai faifan na'urar gem ta PlayStation 2 (PS2) guda uku, duk sun sha karce, ɗaya ma kwalinsa ya tsage an liƙe da salatif. Na'urar nan tun 2000 ta fito fa. Amma yau ɗin nan in na hura faifan na goge da gefen riga na saka, zai tashi. Ba ya neman fasawod, ba ya neman afdet, bai damu da ko kamfanin da ya yi shi na raye ko ya mutu ba. Wanda na saya daga baya, da ake cewa mun ci gaba, shi ne ya zama hoto kawai.

Wanda yake bin harkar gem ya san labarin The Crew. Ubisoft ne suka fitar da shi a 2014, wasan tseren mota ne da za ka iya tuƙi ka ratsa taswirar Amurka daga wannan gaɓa zuwa waccan. A Disambar 2023 suka daina sayar da shi, ƙarshen Maris na 2024 suka kashe sabar, sai gem ɗin ya mutu a hannun kowa, har waɗanda suka sayi faifai suka riƙe a hannu. Faifan ya koma abin ɗora kofi. Ba su tsaya nan ba, bayan ƴan kwanaki mutane suka fara ganin an cire musu lasisin daga akawun ɗinsu gaba ɗaya. Daga nan ne wani mai bidiyo a YouTube, Ross Scott, ya taso da gangamin Stop Killing Games, kuma a 2025 takardar ƙorafin da aka kai Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya. Abin da suke nema ma ba wani abu ne mai yawa ba, ba su ce dole kamfani ya yi ta riƙon saba har tashin duniya ba, cewa suka yi in za ku tafi ku bar mana abin a yanayin da zai yi aiki ba tare da ku ba.

Kuma ba gem kaɗai ba. A 2009 Amazon ya shiga cikin Kindle ɗin mutane, na'urarsa ta karanta littattafai, ya goge littattafan da suka biya kuɗi suka saya, cikinsu har da 1984 na George Orwell, littafin da shi kansa labarin masu goge abin da ba sa son a karanta ne, kai ko shiryawa aka yi sai haka. Sun mayar da kuɗi kuma sun ba da haƙuri, amma an riga an ga hannunsu yana iya kaiwa cikin aljihunka. A ƙarshen 2023 Sony ya sanar da cewa zai cire shirye-shiryen Discovery daga akawun ɗin waɗanda suka saya a PlayStation, sai da aka yi ca a kansu sannan aka sasanta aka fasa.

Maganar gaskiya wannan maɓallin da aka rubuta wa "saya" ƙarya yake mana. Ciniki a sanina shi ne ka ba da kuɗi a ba ka kaya, kayan ya zama naka, ka ga dama ka ara wa abokinka, ka ga dama ka sayar, ka ga dama ka bar wa ɗanka. Wanda ake yi yanzu izini ne ake sayar maka, izinin amfani har zuwa ranar da mai shi ya ga dama, kuma an rubuta hakan a cikin doguwar yarjejeniyar nan da duk cikinmu ba wanda ya taɓa karantawa, gungurawa kawai muke mu danna na yarda. Sai da jihar Kalifoniya ta yi doka a 2024 cewa in lasisi kake sayarwa dole ka gaya wa mai saye ɓaro-ɓaro, sannan Steam, shagon sayar da gem a intanet, ya fara saka ɗan rubutu a wurin biyan kuɗi cewa lasisi ne kake saya. Ka ga ke nan sun san bambancin tun tuni, gaya mana ne ba sa son yi.

To ina cikin wannan ƙunar ran ƙanena ya shigo ya same ni, na ba shi labari, sai ya kwashe da dariya ya ce Yaya ai kai ne sarkin biyan kuɗi, mu da muke kirak namu na nan yana aiki. Sai ya jefo min maganar nan da ake ta yawo da ita a intanet, wai in dai saye ba mallaka ba ne to kwafa ma ba sata ba ce. Wallahi a lokacin ban da amsa. Sai da na kwana na tashi na gane inda maganar ta yi daidai da inda yaron ya fake da ita.

Shi fa ba gem ɗin da aka kashe yake kirak ba. Komai yake kirak. Wanda ya fito jiya, wanda mutum biyu suka haɗa a ɗakinsu, wanda ake sayarwa ba tare da wani kulle ba, duk ɗaya ne a wurinsa, kawai dai ya samu jumla mai daɗi da zai wanke kansa da ita. Akwai wani labari da nake so, a 2013 wasu ƴan uwa biyu masu ƙaramin kamfani, Greenheart Games, suka fitar da Game Dev Tycoon, wasa ne da kake buɗe kamfanin yin gem kana tafiyar da shi. Da hannunsu suka saki kwafin "kirak" a shafukan satar, amma suka ɗan taɓa shi, in kana buga wannan kwafin kamfaninka zai yi ta tashi sai can a fara satar gem ɗinka a cikin wasan, ciniki ya tsaya, har ka karye. A ranar farko sama da kashi 90 cikin ɗari na masu bugawa kwafin satar ne a hannunsu. Abin dariyar, wasu suka fito suna kuka a intanet wai ɓarayi sun hana su cin riba, ba wata hanya da za a yi maganinsu? Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Waɗannan mutum biyun ba su ƙwace wa kowa komai ba, gumi suka yi, in ka ɗauki nasu ba ka biya ba haƙƙi ka ci, kar ka shigo da Ubisoft cikin maganar.

Sannan shi kirak ɗin ma banza ba ta kai zomo kasuwa. Shi wannan ƙanen nawa akwai lokacin da laftof ɗinsa fanka ke ihu kamar za ta tashi sama alhali ba abin da ya buɗe, ƙasanta zafi ba ka iya ɗora ta a cinya, batir ba ya awa ɗaya. Ashe wani gem da ya sauke ne ya zo da baƙo, ana haƙo wa wani kuɗin intanet na kirifto da kwamfutarsa yana barci. Kuma da hannunsa ya buɗe ƙofar, don umarnin farko a fayil ɗin shi ne ka kashe antibairos kafin ka saka. Mutumin da ba ka sani ba ya ce cire sakata ka cire. Bayan sati biyu akawun ɗinsa na imel ya tafi.

Amma idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Gabe Newell, mai kamfanin Valve da ya kawo Steam a 2003, ya taɓa faɗa a 2011 cewa satar fasaha yawanci matsalar hidima ce, wato in ɓarawo ya fi ka iya kai wa mutane kaya cikin sauƙi to wurinsa za a je. Kuma an ga hakan a harkar waƙa. Napster, manhajar musayar waƙoƙi kyauta, ya fito a 1999, aka kai shi kotu aka rufe a 2001, satar ba ta tsaya ba sai ma rassa da ta yi, shafin sauke kayan sata na Pirate Bay ya taso a Suwidin a 2003, aka yanke wa masu shi hukunci a 2009, shafin bai mutu ba. Abin da ya rage satar waƙa a zahiri irin su Spotify ne, wanda shi ma daga Suwidin ɗin ya fito a 2008, don neman waƙa a can ya fi sauƙi a kan yawon shafukan da talla goma ke faɗo maka kafin ka ga maɓallin gaskiya. Fim ma an ɗan samu haka lokacin da Netflix ya tara kusan komai wuri ɗaya. Sai kowane kamfani ya ga ai shi ma zai iya, kowa ya janye nasa ya buɗe manhajarsa, yanzu shiri ɗaya kashi na farko yana nan, na biyu yana can, na uku a ce ba a nuna shi a ƙasarku. Mutum yana riƙe da kuɗinsa yana cewa ku karɓa, a ce masa babu. Me kuke tsammanin zai yi da daren nan?

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne kullen da ake saka wa gem don hana kirak, irin su Denuvo da ya fito a 2014. Wanda ya biya shi ke ɗauke da kullen, shi ake tambaya intanet lokaci zuwa lokaci, shi ake ƙirga wa sau nawa ya canza na'ura a rana. Wanda ya sauke na sata bayan an fasa, ba ruwansa da duk wannan. Wato mai gaskiya ne ake caje wa aljihu a bakin ƙofa, wanda ya haura katanga yana ciki yana shan iska. Alhali ga shagon GOG nan tun 2008 suna sayar da gem ba kulle, ka sauke fayil ɗin ka ajiye a inda ka ga dama, kuma masu shi a lokacin, CD Projekt, sun saki The Witcher 3 a 2015 a haka ba su talauce ba, ya sayu miliyoyi.

Sai maganar tsofaffin wasanni, wadda a nan ne na fi kusa da ƙanena. Wani bincike da Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kusan kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 an riga an daina sayar da su. Nintendo ya rufe shagon 3DS da Wii U a Maris ɗin 2023, Microsoft ya rufe na Xbox 360 a Yulin 2024, wasannin da dama ba su taɓa fitowa a faifai ba da yawansu sun tafi tare da shagon. Wa ya ajiye su? Mutanen nan dai da ake kira ɓarayi, masu kwafe tsofaffin kaset da masu rubuta emuleta, manhajar da ke sa gem ɗin tsohuwar na'ura ya tashi a kwamfuta, a lokacin hutunsu ba wanda ke biyansu. In abu mai shi ya daina sayarwa, ya ƙi barin kowa ya sayar, ya kuma ce kar wanda ya ajiye, ni dai bakina ba zai iya kiran wanda ya ajiye ɓarawo ba. Na san doka ba haka ta ce ba, ra'ayina nake faɗa.

Don haka ni inda na tsaya, in abu yana kasuwa kuma akwai hanyar da kuɗina zai kai ga masu shi, zan biya ko in haƙura in jira a yi ragi, musamman ƙananan nan da ciniki ɗaya ke musu amfani. Ban cika sayen gem ranar da ya fito ba yanzu, kuma duk wanda aka ce sai da intanet ko da kai kaɗai za ka buga, sai in ɗauke shi a matsayin haya tun farko in auna ko ya kai. Wanda na samu ba kulle kuwa ina sauke fayil ɗinsa in kwafe a wuri biyu.

Shi wancan da ya mutu min har yanzu ban goge shi ba, yana nan ya cinye min wuri. Ɗazu da safe ƙanena ya turo min saƙo wai ya ga wasu sun yi masa faci, wato sun gyara shi, yana tashi ba saba, in turo maka Yaya? Na buɗe saƙon na karanta, na fara rubuta amsa na goge, har yanzu dai yana ganin alamar na karanta.