Hajiya, wa ya tambayi matan ko abin ya dame su?

Na so in yi shiru a kan bidiyon nan na Hajiya mai kayan mata, amma ta ko'ina turo mini shi ake yi, har 'yan bokon da nake ganin girmansu suna bin sa da "Allah ya saka da alheri". Wai binciken likitocin Amurka ya tabbatar kashi 43 cikin 100 na mata ba su da lafiyar shimfiɗa, saboda haka kowace ta hanzarta turo kuɗin haɗi kafin maigida ya ƙaro aure. Sannu da ƙoƙari, Hajiya Farfesa. Allah ya ƙara basira.

Lambar dai ba ƙirƙirar ta kika yi ba, wannan na yarda. Daga binciken Edward Laumann na Jami'ar Chicago ta fito, wanda mujallar likitocin Amurka mai suna JAMA ta buga a 1999. Amma kin san yadda aka samo ta? An jero wa mata matsaloli, irin su ƙarancin sha'awa, jin zafi, bushewa da rashin gamsuwa, aka ce su amsa da i ko a'a in abin ya ɗauke su watanni a cikin shekarar da ta wuce. Duk wadda ta ce i a guda ɗaya tak, an jefa ta cikin lissafi. Ba wanda ya tambaye ta ko abin ya dame ta. Daga baya ma sai da mujallar ta buga gyara, cewa biyu daga cikin marubutan suna da alaƙa da kamfanin Pfizer, wanda ya ƙirƙiro ƙwayar ƙarfin maza ta Viagra. Kin ga ashe ba ke kika fara cin kasuwa da lambar ba.

Ko ya dame ta. Nan ne maganar take, kuma nan ne kuke tsallakewa da gangan.

Masu binciken da kansu sun gane wannan giɓin. Shi ya sa a 2002 Leonard Derogatis da abokan aikinsa suka fitar da takardar tambayoyi mai suna FSDS, wadda aikinta kawai auna damuwar da mace take ciki game da mu'amalar aure. Wadda aka sabunta tana da tambayoyi 13: sau nawa kika ji baƙin ciki a kan lamarin, sau nawa kika ji kunya, ko takaici, ko fushi, ko kika ga kamar laifinki ne, ko kika ji kin kasa sauran mata. Kowace amsa daga 0 zuwa 4 take, jimilla 52, wadda ta kai 11 ana ɗaukar tana cikin damuwar da ya kamata a duba. Da Jan Shifren ta Jami'ar Harvard ta yi aiki da FSDS ta asali a 2008 a kan mata sama da 31,000 a Amurka, masu cewa suna da wata matsala sun sake kai kusan kashi 43 ɗin nan. Amma da aka haɗa da tambayar damuwa, sai lambar ta sauko kashi 12. Abin da ya fi burge ni, tsofaffin da suka haura 65 su suka fi kowa ambaton matsala, kuma su ne suka fi kowa ƙarancin damuwa da ita. Hankalinsu kwance. Da a hannunki suka faɗo, da tuni kin ɗora musu gumba da tsumi.

To ki faɗa mini, mai jego da ke shayarwa, ba ta samun barci, sha'awarta ta yi ƙasa, ita da mijinta sun fahimci juna, cutar me take da ita? Wadda maigidanta yake ci-rani a Legas fa? Ita wannan har a wata takardar mai suna FSFI, mai auna yadda mu'amalar aure take tafiya wa mace, mai tambayoyi 19, ta shekarar 2000, makinta zubewa yake yi, don takardar a kan makonni huɗun da suka wuce take tambaya, wadda ba ta kusanci miji ba kuwa sifili take samu a tambayoyi da dama. Masana sun daɗe suna sukar wannan. Maki kaɗai ba ya sa a ce mutum ba shi da lafiya. Ko littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-5 na 2013, bai yarda a kira abin cuta ba sai ya kai wajen wata shida kuma yana damun mai shi ƙwarai.

Na san masu zuwa ƙasan rubutun nan su ce ai wannan fitsara ce, ina ruwanmu da takardun Turawa. Ku huta. Lokacin da Hajiya take kwatanta abin da ba ya faɗuwa a gaban kyamara ba ku ga fitsara ba, sai da aka ce a tambayi mace halin da take ciki a ɗakin likita, ƙofa a rufe? Masu cewa ai taimakon aure take yi, ku ma na ji ku. Taimakon da yake farawa da tsorata mace da kishiya sunansa talla.

Gaskiya guda kuma, ba na cewa takardar auna damuwar, FSDS, ta gama komai. Mace za ta iya cika ta ta sami maki 30, amma takardar ba za ta faɗa maka ko damuwar daga jikinta take ba, ko daga gorin miji, ko daga irin waɗannan bidiyoyi da ke gaya mata kullum ba ta isa ba. Sai an zauna da ita an saurara. Wallahi akwai matan da suke shan wahala da gaske. Akwai wadda ɗinkin haihuwa bai warke mata daidai ba, akwai mai ciwon sanyi, akwai mai ciwon suga, akwai wadda jinin al'ada ya ɗauke mata bushewa ta zo, akwai wadda aka yi wa yankan gishiri, akwai wadda aka yi wa aikin yoyon fitsari tana tsoron komawa ɗakin miji. Irin waɗannan kuka suke yi cikin dare, ba su da wanda za su gaya wa. Su nake ji wa. In an ce kusan rabin mata duk marasa lafiya ne, su ne suke ɓacewa a cikin taron, a bar su da kwalbar da ba a san abin da ke ciki ba, wata ma ta cusa abin da zai ƙara mata ciwo. 'Yar'uwa, in abin yana damun ki, ki je wajen likitan mata ko ungozoma ki faɗa. In bai dame ki ba, kada ki bari wata ta sayar miki da damuwa.

Su ma can Amurka ba wai sun tsira ba ne. Hukumar kula da magunguna ta ƙasar, FDA, sau biyu tana ƙin amincewa da ƙwayar ƙara wa mata sha'awa mai suna flibanserin kafin ta sa hannu a 2015, kuma abin da ta ƙara wa mata a gwaji bai wuce kusantar miji mai gamsarwa sau ɗaya a wata ba, wani lokacin ma bai kai ba, ga jiri da faɗuwar hawan jini. Wannan fa wadda aka gwada ke nan a kan dubban mata. Naki haɗin a kan wa aka gwada shi, Hajiya? Ina lambar NAFDAC?

Af, maza kuma da kuke ta dariya, a binciken 1999 ɗin nan ku ma an ba ku kashi 31, ban ga wanda ya yi bidiyo a kai ba. Ku dai lasifikar masu maganin basir da ƙarfin maza ta ishe ku a bakin tasha. Wai don Allah wace hukuma ce ke da alhakin waɗannan motocin? Yara suna dawowa daga Islamiyya da allunansu, mutum ya ƙure murya yana zayyano abin da ko a ɗakin aure ba a faɗa, kuma kowa ya wuce kamar bai ji ba.