Bitar kwana uku ba ta isa ba

Mutane da yawa suna ɗauka cewa in an ɗaga matsayin karatu a makarantun gwamnati, aka tara malamai bita ta 'yan kwanaki, aka raba musu takardar shaida, shi ke nan an gama. Yara na faɗuwa jarrabawa sai a ce malamai ne ragwaye. Wannan kuskure ne, kuma zalunci ne.

Manhaja mai tsauri tana son yaro ya bayyana dalilin amsarsa. Ɗauki lissafi. Malamin da aka koya wa "juya ka ninka", wato dabarar raba lamba da ɓangare kamar rabi ta hanyar juya ɓangaren sama ya koma ƙasa sannan a ninka, zai samo amsa daidai, amma in ɗalibi ya tambaye shi me ya sa uku a raba da rabi ya ba da shida, sai ya yi turus, domin shi ma ba a taɓa nuna masa cewa akwai rabi shida a cikin uku ba. Zaman lacca ɗaya ba ya cike irin wannan giɓi.

A Japan malamai kan tsara darasi tare, ɗayansu ya koyar, sauran su tsaya cikin ajin suna lura da inda yara ke tuntuɓe, daga baya su zauna su gyara darasin. Hakan kuwa ba ya yiwuwa sai an ware musu lokaci a jadawali, an kawo littattafan da suka dace da manhajar, an kuma haɗa sabon malami da gogagge wanda zai riƙa shiga ajinsa yana kama masa.