Lasisin Windows: ƙarfen ake ƙirgawa, ba 'yan hayar cikinsa ba

Wani abokina da ke kula da kwamfutocin wani kamfanin rarraba kaya ya kira ni kwanakin baya, bakinsa har kunne. Maigidansa ya amince an sayo ƙatuwar saba guda, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, mai furosesa biyu (ƙwaƙwalwar kwamfuta ke nan), kowace da ƙwaya 16, wato ƙananan injinan lissafin da ke cikinta, domin a kwashe aikin tsofaffin kwamfutoci shida da ke shan wuta da dizal a zuba mata. Dabarar ta daɗe. Akwai manhajoji irin su Hyper-V da VMware da Proxmox da ke yanka saba ɗaya ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki ya zama tamkar kwamfuta mai zaman kanta, da babbar manhajarta da aikinta: wannan na lissafin kuɗi, wancan na albashi, wani na ajiyar takardu. A wajen masu sana'ar, VM ake ce wa kowane ɗaki. Na taya shi murna, sannan na tambaye shi lasisin Windows Server nawa suka saya. Ya ce ɗaya mana, ai sabar ɗaya ce. Na ce masa ya nemi kujera ya zauna tukun.

Tun daga Windows Server 2016, Microsoft ya daina sayar da lasisi a kan kowace furosesa, ya koma ƙirga ƙwayoyin da ke cikinta. Dole ka biya wa kowace ƙwaya da ke jikin ƙarfen, ko kana amfani da ita ko tana barci. Akwai kuma mafi ƙaranci: ƙwaya 8 a kowace furosesa, 16 a kowace saba, ko da taka ba ta kai haka ba. In ka biya duka a nau'in Standard, abin da aka yarje maka ɗaki biyu ne kacal masu Windows. Kana son wasu biyun? Sai ka sake biyan kuɗin ƙwayoyin gaba ɗaya, daga farko.

Mu yi lissafin sabar abokina. Ƙwaya 32, ɗaki shida. Biya uku ke nan, 32 sau uku, lasisin ƙwaya 96. Da ƙaramar saba mai ƙwaya 16 suka saya, 48 za su biya a kan ɗakuna shidan nan dai. Wato girman ƙarfen da ya sa shi murna shi ne ya ninka musu kuɗin lasisi. Akwai nau'in Datacenter da ke ba ka damar yanka ɗakuna iya son ranka, amma farashinsa ya ninka na Standard sau da yawa, sai mai ɗakuna goma sha wani abu zai ga ribarsa. Ba a ma zo kan CAL ba, lasisin da ake saya wa kowane ma'aikaci ko kowace na'urar da za ta shiga sabar.

Inda abin ya fi cin mutane shi ne wajen ƙaura. Babban daɗin VM shi ne in saba ta fara tari, ko ana son yi mata gyara, sai a ɗauke ɗakunan a mayar da su kan wata ba tare da aiki ya tsaya ba. To amma lasisin a jikin ƙarfe yake manne, kuma ƙa'ida ta hana a ɗauke shi zuwa wani ƙarfen kafin kwana 90, sai dai in na farkon ya mutu murus. Saboda haka in kana da saba biyu da ɗakuna ke kai-komo tsakaninsu, kowacce sai ka biya mata kuɗin ɗakuna shidan. Lasisi 96 ya zama 192. Manhajar ba za ta hana ka ƙaurar ba, ba za ta ma yi maka ko tari ba. Takardar yarjejeniya ce ke hana ka, ita kuwa ba kowa ke karanta ta ba.

A nan ne mu a nan gida muke da wata mummunar fahimta. Mun saba da cewa in an zuba lambobin nan na kunna Windows, rubutun gargaɗin da ke ƙasan allo ya ɓace, shi ke nan an halatta. Ba haka ba ne. Windows na iya buɗewa lafiya lau alhali ba ka da izinin gudanar da shi a wurin. Lasisin da ya zo a jikin kwamfutar da ka saya daga kamfanin da ya ƙera ta, tare da ita yake rayuwa kuma tare suke mutuwa. In ka kwafe tsohuwar kwamfutar ka mayar da ita ɗaki a sabuwar saba, aikin ya bi ka, lasisin ya tsaya a baya. Ɗan ƙaramin shago na iya shekara goma a haka ba wanda ya kula. Amma ranar da kamfani ya girma, ya nemi kwangila da banki ko wata ƙungiyar ƙasashen waje, aka ce ya kawo shaidar lasisinsa, ranar ce bashin shekarun zai zo ya yi sallama.

Shin Microsoft na da gaskiya? A wani ɓangare, e. Sabar yau na yin aikin da a da sai an jera ashirin, kuma ba a ce mai kaya ya zuba ido yana sayar da lasisi ɗaya inda yake sayar da ashirin ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski; in ka zaɓi manhajarsu, ka karɓi sharaɗinsu. Ban da ja a kan wannan.

Jana yana wajen da lasisi ya tashi daga farashin kaya ya koma sandar kora garke. Daga 1 ga Oktoban 2019 Microsoft ya ware wasu kamfanonin gajimare, wato masu ba da hayar saba ta intanet, ya tsaurara sharaɗin kai lasisinka wurinsu: Amazon da Google da Alibaba. Ya sa sunan kansa a jerin, amma ya buɗe wa masu zuwa Azure, gajimarensa, wata ƙofar ta daban da ke ba su damar shiga da lasisin da suka riga suka saya. Kaya iri ɗaya, in ka kai rumfar mai shi da sauƙi, in ka kai ta maƙwabci da tsada. Ƙungiyar kamfanonin gajimare ta Turai, CISPE, ta kai ƙara gaban Hukumar Tarayyar Turai a Nuwamban 2022, aka sasanta a Yulin 2024. Google ya shigar da tasa ƙarar a Satumban 2024. A Yulin 2025 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya, CMA, ta kammala bincikenta tana cewa tsarin lasisin na rage wa Amazon da Google ƙarfin gasa. Tun kafin waɗannan ƙararraki, a Oktoban 2022, Microsoft ya yarda a biya wa kowane ɗaki shi kaɗai, ƙwaya 8 mafi ƙaranci, ba sai an biya wa ƙarfen duka ba. Sauƙi ne na gaske, ɗakunan abokina shida za su iya tsayawa a 48. Sai dai bai samuwa sai ga mai biyan kuɗin shekara-shekara.

Kuma ba su kaɗai ba ne. Apple bai yarda a gudanar da macOS a kan wani ƙarfe da ba nasa ba, a kan nasan ma ɗaki biyu ya ƙayyade; sharaɗinsa ne kuma ya sa in ka yi hayar Mac a gajimaren Amazon sai ka biya na awa 24 ko da aikin minti goma ne. Broadcom kuwa, bayan ya kammala sayen VMware a Nuwamban 2023, cikin makonni ya daina sayar da lasisin dindindin, kowa ya koma biyan shekara, a kan ƙwaya, 16 mafi ƙaranci a kowace furosesa. Duk hanya ɗaya suka nufa: ka daina mallaka, ka zama ɗan haya.

Ga Bature wannan ƙarin kuɗi ne kawai. Ga kamfanin da ke ciniki da naira, wata magana ce. Kafin Yunin 2023 dala na wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa farkon 2024 ta haye 1,500. Wanda ya sayi lasisin dindindin kafin nan ya sha. Wanda ke biyan shekara-shekara, kuɗinsa ya ninka sau uku ba tare da an ƙara masa ko ƙwaya ɗaya ba. Shi ya sa nake ganin kuskure ne maigida ya bar wannan magana a hannun yaron kwamfuta shi kaɗai, kamar sayen waya ko batir. Alƙawarin dala ne na shekaru, teburin mai sa hannu a cek ya kamata ya hau, kuma kafin a sayi ƙarfen, ba bayan ya iso ba.

Za a ce a koma Linux, babbar manhajar nan da ake samu kyauta. Na yarda, amma da ido biyu. Nau'o'insa irin su Debian da Ubuntu ba sa ƙirga maka ƙwaya ko ɗaki, KVM kuwa, mai yanka ɗakunan, tun 2007 yake cikin Linux, a kansa Proxmox ya ginu. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba: waɗanda suka dogara da CentOS, wani nau'in Linux, sun ga yadda aka rufe shi, na 7 ya ƙare a ƙarshen Yunin 2024, suka shiga neman mafaka a Rocky da AlmaLinux. Ga ƙarancin ƙwararrun hannu, ga manhajojin lissafi da yawa da ba su san komai ba sai Windows.

Abokina dai ya koma ya zauna da maigidansa da biro da takarda. Suka duba ɗakuna shidan ɗaya bayan ɗaya, suka tarar biyu ne kawai ba su iya rayuwa sai da Windows: na lissafin kuɗi da mai riƙe da sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu. Sauran huɗun suka mayar Debian. Lasisin ƙwaya 32 suka saya, sau ɗaya. Maganar saba ta biyu kuma maigidan ya ce a bari sai an ga yadda dala za ta kwana.