Otal ɗin da ya mutu a Kano ba shi da mai kuka

Jiya hanya ta bi da ni ta bayan wani tsohon otal a nan Kano, ba zan kama suna ba, sai na ce bari in leƙa tunda a nan aka yi liyafar auren yayata ina ɗan firamare. Wallahi da na sani ban shiga ba. Wurin wankan nan da muke leƙen Turawa suna iyo ya koma gidan kwaɗi, ruwan kore shar, silin ya rufto jemagu sun samu gida, amma abin da ya fi tsaya min a rai allon makullai ne a wajen karɓar baƙi, har yanzu wasu makullan na rataye da lambobinsu kamar ana jiran masu ɗakin su dawo daga kasuwa. Maigadin ya shuka kuɓewa a inda ake ajiye motoci. Na ce Baba ina masu wurin? Ya ce ɗana, ni ma albashina nake jira.

To ni dai abin da na lura, mu ne ba ma jin zafin mutuwar otal. Kalmar kanta mun ɓata ta, da ka ce otal sai a tuna giya da mata, shi ya sa in masallaci ko makaranta ta tsage za ka ga an yi ca a rediyo, amma otal ya shekara ashirin yana ruɓewa ko tari ba mai yi. Alhali garin nan da saukar baƙi ya ginu! Fataken da ke zuwa kasuwar Kurmi daga Agadas da Borno da Gwanja a gidan wa suke kwana? Gidan fatoma mana, shi zai ba ka ɗaki, ya ajiye maka kaya, ya nemo maka mai saye. Otal ai fatoma ne ya sa kwat.

Audu Bako ya gane wannan. Tsakanin 1967 da 1975 da ya yi gwamna ya yi dam a Tiga da Bagauda, aka kuma yi wa wuraren masaukin baƙi don mutane su je su huta. Na Bagauda ya ci sa'a ya koma makarantar horar da lauyoyi, ko ba komai akwai mutane a ciki. Daula Otal kuwa kowa ya ga yadda ta ƙare, an bar ta ta lalace, wata gwamnati ta ba 'yan kasuwa su yi gini, wata ta zo a 2023 ta sa katafila ta rushe. Ni ba ruwana da jar hula ko wata hula, kowa ya ci nasa laifin, kuɗin dai sun bi ƙura. Kaduna ma haka aka yi da Durbar Otal da aka gina saboda FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a 1977, ta daɗe a kulle ana shari'a, 2020 aka baje ta.

Kuma abin dariya, a ƙarshen 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya, muka yi ta murna a Facebook, ba wanda ya tambayi inda baƙin da za su zo kallo za su sauka. Eh akwai sabbin otal na 'yan kasuwa, ban musa ba, amma tsofaffin nan masu filaye da manyan bishiyoyi ba za a sake samun irinsu a tsakiyar gari ba, fili ya yi tsada, kowa plaza yake so.

Da zan fito Baba maigadi ya tsinko min kuɓewa cikin leda. Ita muka yi miya da ita yau.