Ku kira iyayen miji ma, ba masu jego kaɗai ba

Wani labari da na gani ya ce a shayar da jariri nono zalla tsawon wata 6, ko ruwa kada a ba shi. Gaskiya ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ma haka ta ce, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Amma ku ma'aikatan asibiti, wa kuke faɗa wa? Yarinya mai haihuwar fari ba ta da ta cewa a gidan miji. Uwar miji ce za ta ce ana zafi, a ɗura wa yaro ruwa. Ita ce za ta sa a matse dakashi, wato nonon farko, a zubar wai ƙazanta ne, alhali shi ne rigakafin farko, wanda ake so jariri ya sha cikin awa ɗaya da haihuwa. In kan nono ya tsage, galibi kamun da yaro ke yi ne bai daidaita ba, amma babu mai nuna mata, sai dai a ce nononta ba kyau.

Kaduna ta ba ma'aikatanta mata hutun haihuwa na wata 6 tun 2019, madalla. To mai tallar awara fa?

Don Allah ma'aikatan asibiti, ranar awo ku riƙa gayyato iyayen miji da ungozomomi da mazajen kansu.